Ƙwan Kyaftin

Moonta,
3 ga Oktoba, 1967

Zuwa ga Baba Clarrie,

Gaisuwa mai yawa da fatan alheri. Yaya jiki, yaya tarin? Allah ya ƙara sauƙi. Ka yi haƙuri da rubutuna, ka san a aji huɗu na tsaya, kiwon tumaki ya cinye sauran.

Gida lafiya. Ɗanka Des ya koma bakin aikinsa na layin dogo tun ranar Lahadi, ya ce sai tsakiyar Nuwamba. To ni kaɗai ce, ni da tantabarunka sittin da huɗu da agogonka goma sha ɗaya. Ina murɗa su kullum yadda ka nuna mini, amma har yau ba su taɓa yarda da juna ba. Na ba furannin wakenka ruwa. Na duba gwangwanin awon ruwan sama, babu komai ciki sai gizo-gizo, ban san ko shi ma a rubuta ba.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ban gane ko daidai na yi ko ɓarna ba. Jiya da safe na shiga ɗakin tantabaru da tsintsiya, sai na ga ƙwan nan shida da ke cikin kasko uku sun yi kaca-kaca da kashi, har da wani baƙi-baƙi a jiki. Mu a gidanmu ba a barin ƙwai haka. Na kwashe su duka a kwano, na kai kicin, na wanke su da ruwan ɗumi da tsumma, a hankali, ko ɗaya bai fashe ba. Suka yi fari tas, da ma ka gani. Na mai da su bibbiyu, tantabarun suka hau abinsu.

Da yamma abokinka Mista Hocking ya zo a kekensa ya duba su, kamar yadda ka roƙe shi. Ya ɗaga tantabara, ya ɗauki ƙwai, ya juya, ya sake juyawa. Ya ɗauki wani. Sai ya ce, "Matar Des, ina K?"

Na ce, "Wane K?"

Ya ce, "K ɗin da Clarrie ya rubuta da fensir! Biyu masu K, huɗu babu!"

Na ce ni dai datti na gani, na wanke.

Sai ya zauna a kan buhun alkama, ya cire hula. Ya ce, "Ta wanke. Jama'a, ta wanke. Shekara hamsin ina kiwon tantabara, na yi fama da kyanwa, na yi da ɓera, na yi da shaho, yau kuma ga sabulu." Na ce ban sa sabulu ba. Ya ce to madalla, bari a kira 'yan badujala su busa mini.

Wai masu K ɗin nan ƙwan tsohon namijin nan ne, Kyaftin, kai ka ɗauke ka ba wasu riƙo, yanzu kuma ba wanda ya san wane ne wane. Baba, me ya sa za a ɗauke wa tsuntsu ƙwansa a ba wani? Mu sai tunkiya ta mutu muke ba wata ɗanta. Kyaftin kuwa ga shi nan da ransa, yana ta zagaya matarsa yana kumbura wuya.

Wata biyar ke nan da zuwana gidan nan, ba na so in zama wadda ta ɓata maka abu. Ka gaya mini girman laifin don in san irin kukan da zan yi.

Ka huta lafiya. Ni ce surukarka,
Noelene


Asibitin Ƙirji, Adelaide,
6 ga Oktoba, 1967

'Yata Noelene,

Bayan gaisuwa, na sami takardarki. Jiki da sauƙi, sai dai hawa gado ma sai na huta sau biyu. Likita ya ce ƙurar gashin tantabara ce ta cika mini huhu. Na ce masa ni da na busa ƙaho a badujala shekara talatin da huhun nan. Ya ce to ya gama busawa.

Da na karanta zancen wanki na ajiye takardar, na kalli rufi kamar rabin awa. Ba zan ɓoye miki ba. Amma laifina ne. Na koya miki agogo goma sha ɗaya, ban koya miki ƙwai shida ba. Bari in amsa bi da bi.

Na ɗaya. Ba a wanke ƙwan da ake kwanci a kai. Ba a wanke shi ko da kuwa ya faɗa cikin kwata.

Na biyu. Kyaftin shekararsa goma sha biyu. Ba shi da ƙarfin ɗura wa 'yan shila abinci, shi ya sa nake ba matasa renon ƙwansa.

Na uku, dalilin K. Ba ki riski surukarki Myrtle ba. A shekarar 1952 wata tantabara ta sauka a kan rufin ɗakin wanki, ba zobe a ƙafa, ba wanda ya san daga ina take. Launinta ba shuɗi ba, ba ja ba, wani rawaya ne mai laushi. Myrtle ta sa mata suna Zuma. A hannunta kawai take ci, ni ko kallo ban ishe ta ba. Bayan shekara huɗu shaho ya ɗauke ta a gaban idon Myrtle, tana shanya. Na yi mata alkawari zan fitar mata da wata irinta. Myrtle ta rasu shekara shida ke nan, ban cika ba.

Kyaftin ɗan Zuma ne, shi kaɗai ya rage. Za ki ce ai shi ja ne mai toka-toka. Haka ne. Launin uwa yana shiga ɗanta namiji ya ɓuya, ba ya fita a jikinsa, ba ya fita a 'ya'yansa maza, sai a 'ya'yansa mata, su ma rabi. Wato kowane ƙwai nasa, ɗaya cikin huɗu. Ga shi na zana miki akwati mai gida huɗu a bayan takarda, ki duba gidan ƙasa na dama.

Shekara uku ke nan duk ƙwansa fanko ne, ba ɗa a ciki. Bana ce ta ƙarshe, na sani. Saboda haka kada ki ɗora wa kanki da yawa, mai yiwuwa fanko biyu kika wanke.

Ki ce wa Hocking ya haska su da tocila ranar Litinin. Ƙyanƙyasa za ta kama sha huɗu ko sha biyar ga wata. Akwai abu ɗaya da ya kamata in gaya miki kafin ranar, amma yau ba ni da numfashinsa. Zan rubuto.

Gizo-gizo ba ya shiga littafi. Ki rubuta sifiri.

Naki,
C. Trembath


Moonta,
10 ga Oktoba

Baba,

Ina gaisuwa. Allah ya sa ka kwana da sauƙi. Na karanta takardarka sau biyar, sau ɗaya da ƙarfi a gaban Kyaftin.

Akwatin nan mai gida huɗu, da farko na ɗauka taga kake so a sa wa ɗakin tantabaru, har na auna bango. Misis Hocking ce ta ce a'a, lissafi ne, wai haka kake zana wa mutane a bayan takardar waƙa a coci. Na duba gidan ƙasa na dama. Akwai harafi biyu a ciki. Na gan su sarai, amma ban san me suke so da ni ba.

Abin da ban gane ba shi ne, a ina launin yake ɓuya? Na kama Kyaftin na buɗe fiffikensa, na hura gashin cikinsa har fata, ban ga rawaya ko ɗigo ba. Ya sare ni a yatsa. Kuma in abu yana cikin uba, don me zai tsallake 'ya'ya maza ya je wa mata? Ko da yake kakata tana da kunne irin na tulu, babana ba shi da shi, ni ga ni da shi. Ko irin wannan ne?

Jiya Mista Hocking ya haska ƙwan a cikin hularsa. Huɗu akwai jijiyoyi ja kamar saiwa, har na ga abu yana motsi, na kusa sakin tocilar. Biyu kuwa fanko, haske ya wuce fayau. Ya ce, "To an gama. Biyu fanko, Kyaftin na da biyu. Ko ɗan aji huɗu ya iya wannan lissafin." Na ce ai ni ce 'yar aji huɗun, kuma wataƙila wankina ne ya kashe biyun, ba na Kyaftin ba ne. Ya dube ni ya ce, "Ke kam ko laifi sai kin yi wa mutum gardama a kansa."

Ban sani ba, Baba. Ina dai zuba musu wake da alkama, ina kallon ƙwai huɗu.

Na ba direban bas pasti biyu, burodin nan mai nama a ciki, ya kawo maka, na sa dankali da yawa yadda kake so. Kada ka ba na gadon kusa.

Surukarka,
Noelene


Moonta,
16 ga Oktoba

Baba! Albishirinka!

Gaisuwa tukuna, yi haƙuri. Yaya jiki? Ban ga takardar da ka ce za ka rubuto ba.

Sun fito! Biyu ranar Asabar, biyu jiya kafin coci. Kuma Baba, uku daga ciki rawaya ne! Rawaya shar, gashi dogo-dogo kamar na 'yan agwagwa. Na fita da gudu ba takalmi har gidan su Hocking, ina kiran Zuma ta dawo, har uku. Yana aski, ya fito da kumfa a rabin fuska, ya biyo ni. Da ya leƙa sai ya kama dariya har da riƙe ƙofa.

Ya ce, "'Yar tumaki, kowane ɗan shila a duniya haka yake fitowa. Baƙi ma da rawayan gashi yake fitowa. Wannan gashin jarirai ne, zubewa yake."

Na ji kunya kamar in shige buhu. To in kowa rawaya yake fitowa, yaya ake gane mai rawayan gaske? Ya ce sai gashin gaske ya tsiro, kwana goma sha wani abu.

Saura na huɗun. Shi ban ma so in faɗa ba. Tsirara ya fito, Baba. Ba gashi, sai ɗan ƙura-ƙura a kai. Fata ja kamar an ɗaye, ana ganin abin da ya ci ta wuyansa. Ya fi sauran ƙanƙanta kaɗan. Mista Hocking ya ɗauke shi a tafin hannu ya ce, "Wannan ba na rayuwa ba ne. Kawo bokiti." Na ce bokitin me? Ya ce na ruwa, a nutsar da shi, haka ake yi, tsirara ba ya ƙarko, yana cinye abincin ɗan'uwansa a banza, yana ɓata jini. Wai haka ubansa ya yi, haka naka uban ya yi, kai ma ya sha ganinka kana yi da hannunka, ba ka ko ajiye lofe.

Na ce wataƙila ni na jawo masa, ni na wanke masa gashin tun yana cikin ƙwai. Ya ce wannan ita ce magana mafi wauta da ya ji bana, amma ba zai rantse ba.

Na roƙe shi ya bari sai ka amsa. Ya ce ya ba ni zuwa Alhamis, don ranar zai zo sa wa sauran zobe, kuma ba zai ɓata zoben ƙungiyar masu kiwon tantabara a ƙafar gawa ba.

Baba, gaskiya ne kana yi? In ka ce a yi, tantabarunka ne. Amma yana ci. Na tsaya na gani, yana tura baki cikin na mai renonsa yana ja da ƙarfi, har ya fi mai gashin naci. Ni na yi renon 'yan tumaki marayu a kwali kusa da murhu, na san wanda zai mutu, ba ya neman abinci haka.

Ka amsa da wuri don Allah.

Noelene


Moonta,
20 ga Oktoba

Baba,

Ina gaishe ka, ina kuma roƙon Allah ya sa wannan ta same ka da ido buɗe.

Da ban ga amsa ba, ranar Laraba na je gidan waya aka buga mini asibiti. Wata mata ta ce zazzaɓi ya kama ka, an sa ka cikin tantin iskar taimakon numfashi, ba ka magana da kowa. Na ce ta tambaye ka abu ɗaya kawai, a kashe tsirara ko a bari. Ta ce, "Wa?" Na sake faɗa. Ta ce in wasa ne ba ta da lokaci, ta ajiye.

To na yi wani abu, kuma wataƙila ya fi wankin muni.

Jiya Alhamis na ɗauko kwaɗon da ke jikin akwatin ƙahonka, na kulle ɗakin tantabaru, na jefa makullin cikin rigata. Mista Hocking ya zo da zobba a aljihu da bokitinsa. Ya ja ƙofa, ya dube ni.

Ya ce, "Ina makulli?"

Na ce, "Yana inda ba za ka sa hannu ba."

Ya yi ja har kunne. Ya ce, "Yarinya, tun ba a haifi ubanki ba nake shiga ɗakin nan."

Na ce, "Na sani, Mista Hocking."

Ya ce, "Clarrie ni ya bar wa amanar tsuntsaye, ke agogo aka bar miki."

Na ce, "Na sani."

Ya ce, "To me kika sani game da tantabara?"

Na ce, "Ba komai. Shi ya sa ba zan kashe ba sai wanda ya sani ya ce."

Ya ce ai shi ya sani. Na ce shi ba Baba ba ne. Misis Dunstan ta maƙwabta ta leƙo ta kan shinge da kwandon shanya ta ce, "Alf Hocking, ka tsufa da kokawa da matan mutane a kan makulli." Sai ya watsa mini zobba huɗu a kan matakala, ya ce in sa da kaina tunda na zama shugabar ƙungiya, in na karya musu ƙafa kuma in rubuta maka da kyakkyawan rubutuna. Ya hau keke ya manta bokitin.

Na zauna na yi kuka, sannan na tashi, don an ce in kwana bakwai ya wuce ƙafa ta yi girma zobe ba ya shiga. Na kalli ƙafar manya na ga yadda yake zaune. Na haɗa yatsu uku na gaba na tura, na kwantar da na baya, na zaro shi da tsinken ashana. Na shafa ɗan man shanu. Na farko ya ɗauke ni kusan awa, ina ba shi haƙuri. Ba wanda ya karye. Tsirara na bar shi sai yau da safe don ƙafarsa ƙarama ce. Lambarsa 2217.

Ban san me zan rubuta a littafinka na asalin tantabaru ba. Akwai gidan uba, akwai gidan uwa, duk huɗun na bar su fanko. Shekara talatin da ɗaya na littafin nan, na duba, ba gida ɗaya da ka taɓa bari fanko sai da na zo.

In ka tashi ka ce na yi rashin kunya ga abokinka, zan je in durƙusa. In ka ce bokiti, to sai dai Des ya dawo ya yi, ni ba zan iya ba.

Allah ya tashi kafaɗunka.

Surukarka,
Noelene


Adelaide,
24 ga Oktoba

Noelene,

Bayan gaisuwa. Wannan rubutun Sista Kowald ne, ni ke faɗa tana rubutawa, ban iya riƙe alƙalami ba tukuna. Jiya aka fitar da ni daga tanti, aka ba ni takardunki biyu tare. Na karanta ta sha shida ga wata, na nemi in sauka daga gado in tafi tasha da rigar barci, sai da mutum biyu suka danne ni. Sannan Sista ta ce in karanta ta biyun tukuna.

Kada ki ba kowa makullin nan.

Ga abin da na kasa gaya miki. Gaskiya Hocking ya faɗa, ina yi. Bayan shaho ya ɗauke Zuma na haɗa 'ya'yanta maza da matan tantabaru mafi kyau da nake da su. Kowace shekara sai a sami tsirara biyu ko uku a cikin 'yan shilan, in jefa a bokiti yadda ubana ya koya mini, in zauna jiran rawaya. Shekara tara. Na ce jinin banza ne, mai fitar da nakasassu. Cikin fushi na rabar da jikokinta, wasu aka ci, wasu suka ɓace a tseren tantabaru. Myrtle tana kwance tana tambayata, "Bana fa?" ina cewa, "Baɗi."

Shekara biyu da suka wuce wani mutum da muke musayar takarda da shi a ƙasar waje ya rubuto mini, a layi ɗaya, kamar abin da kowa ya sani, cewa mai launi irin na Zuma tsirara take fitowa daga ƙwai. Abin da ke rage wa gashi duhu shi ke rage gashin jarirai. Ba ciwo ba ne. Na koma littafi na ƙirga. Ashirin da uku. Sau ashirin da uku Allah ya ba ni abin da na roƙa, ina kai shi bokiti da lofe a baki.

Ban gaya wa kowa ba, ko Des. Kunya ta hana ni, kunyar kuma ta kusa cin ta ashirin da huɗu.

Yanzu ki ɗauki alƙalami. A duk ɗakin nan ba mai iya haifar tsirara sai Kyaftin. Saboda haka 2217, uba Kyaftin, uwa shuɗiyar da ke tare da shi. Kuma ki daina ce mata "shi". Mace ce, ba makawa. Gidan ƙasa na dama ke nan. Zancen kunnen kakarki kuma bai yi nisa da gaskiya ba.

Ban yarda ba tukuna sai gashi ya fito. Na sha yin kuskure da tabbaci.

Ki kai wa Hocking wannan takarda ya karanta da kansa. Ki mayar masa da bokitinsa.

Likita ya yanke magana. In na sake shiga ɗakin tantabaru, ko sau ɗaya, ba zan ga Kirsimeti ba. Wannan mu bar shi sai wani lokaci.

Naki,
C. Trembath

(Misis Trembath, ya yi kuka a tsakiya, ya ce kada in rubuta. Ni ban yi masa alkawari ba. Sista K.)


Moonta,
1 ga Nuwamba

Baba,

Gaisuwa da godiya ga Allah da ya tashe ka. A gaishe da Sista.

Na karanta. Ni ma da wani ya nuna mini bokiti tun ina ƙarama da na ɗauka haka ake yi.

Na kai wa Mista Hocking takardar da bokitinsa. Ya karanta a tsaye a bakin ƙofa, leɓensa na motsi. Ya gama ya sake komawa sama. Sai ya ce, "Ashirin da uku." Ya ninke takardar. Ya ce, "Ni ban ma ƙirga nawa ba." Misis Hocking ta ce ya shigo shayi na hucewa, ya ce ta bar shi. Washegari ya zo da sassafe, ya tsaya a ƙofar ɗakin tantabaru bai ce a buɗe ba. Ni na buɗe masa. Ya daɗe yana kallon 'yar shilar, sannan ya ce zoben na sa shi a juye, lambar tana kallon sama, duk wanda zai karanta sai ya tsaya da ka. Na ce a cire? Ya ce, "A cire da me, da zarto? Bar shi. A san ke kika sa."

To gashi ya fito. Da farko kamar ƙayoyi ne, sai bakinsu ya fashe. Sauran ukun shuɗaye ne, biyu da ratsi, ɗaya da ɗigo-ɗigo. Ita kuwa, Baba, ban san sunan launin ba, kuma ina tsoron in sake fita ba takalmi a banza. Ba rawayan agwagwa ba ne. Ba ja irin na Kyaftin ba. Kamar shayin da aka cika wa madara. Ko kamar gefen pasti in ya fara gasuwa bai gama ba. Da rana ta bugi fiffiken kuma sai ya koma wani abu dabam. Na tambayi Mista Hocking ko shi ne, ya ce shekara goma sha ɗaya ke nan rabonsa da ganin Zuma, idonsa ba zai yi shaida ba, mutum ɗaya ne ya rage da zai iya faɗa.

Shi ya sa na yanko ɗan ƙaramin gashi daga kafaɗarta da almakashi, ba ta ji zafi ba. Na san an hana ka ƙurarsu, don haka na sa shi a kwalbar magani, na toshe, na ɗiga kyandir a bakin. Sista, don Allah kada a buɗe, ya kalla ta gilashi kawai.

Na cika gidan uba da na uwa da alƙalami. Sauran ukun har yanzu fanko, wataƙila ɗayansu ma na Kyaftin ne, ba za mu taɓa sani ba, wannan kam aikina ne.

Abin da ka ce mu bari sai wani lokaci, ni ban bari ba. Na auna daga tagar kicin zuwa ɗakin tantabaru, taku ashirin da biyu. In an sare reshen lemon nan ana ganin komai. Na riga na sare. Kujerarka na wurin.

Har yanzu ban gane akwatin ba, Baba. Ita ce ko ba ita ba?

'Yarka,
Noelene


Adelaide,
4 ga Nuwamba

'Yata,

Gaisuwa. Da hannuna nake rubuta wannan.

Sista ta ɗaga kwalbar a jikin taga. Ita ce.

Littafin ya zama naki, da makullin. Ni zan zauna a kicin in riƙa yi miki ihu ta gilashi. Gidan suna na nan a dama, ke za ki cika shi, ke kika tsaya a ƙofa.

Ranar Lahadi ki yanki furen wake, fararen, ki kai wa Myrtle a kabarinta. Ki ce mata bana.

Kuma Noelene, kome ta taka, kome ta kwanta a kai, kada ki wanke ta.

Babanki,
Clarrie